Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: mu koya wa ƴaƴanmu neman harshe da kansu



Wani abu ya faru gidanmu cikin hutun da ya wuce, tun ranar yake cina a rai, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan mu duba tare.

Tsohuwarmu ta dawo daga likita da kwalin magani. Cikin kwalin akwai ƴar takardar nan mai ƙananan rubutu da Faransanci. Ɗiyar ƙanwata tana zaune, yarinya ce mai ƙoƙari, ajin 4e take, kuma kullum tana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Na miƙa mata takardar na ce, “Karanta muna, ki gaya wa kakarki sau nawa za ta sha, kuma mi anka hana ta ci.” Yarinya ta karanta tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu, har tsohuwa tana murmushi tana sa mata albarka. Da ta kai ƙarshe na ce, “To, mi anka ce?” Sai ta yi shiru. Can ta ɗaga kai ta ce, “Kawu, ai mushe bai ba mu wanga darasi ba.”

Akwai tsohon ƙamus nawa cikin ɗakin, ta san inda yake. Bai zo mata a rai ta ɗauko ba. Cikin takardar akwai kalmomi da yawa da ta sani, kamar safe da dare da abinci da ruwa, amma ba ta gwada haɗa su ta laluɓo ma'ana ba. Jira take a ba ta.

A unguwar tamu kuma akwai wani saurayi da ya bar lakwal tun CE2. Kowace shekara in an gama girbi sai ya tafi cin rani. Yau yana cinikinsa da Yarbanci, yana jin Ingilishin kasuwa irin na Legas, Zabarmanci kuwa a Yamai ya tsince shi wajen turin baro. Babu wanda ya taɓa rubuta masa darasi a tablo. Saurare ya yi, ya gwada, aka yi masa dariya, ya tambaya, ya sake gwadawa. Yarinyar ta fi shi shekarun zama a aji nesa ba kusa ba, kuma ba ta kasa shi ƙwaƙwalwa ba. Bambancinsu guda ne: shi ya san cewa neman harshen aikinsa ne, ita kuwa an saba mata da cewa aikin mushe ne.

Wannan shi ne abin da nake so mu yi magana a kai. Ra'ayina shi ne, babban abin da ajin harshe ya kamata ya bar wa yaro, ko Faransanci ne ko Ingilishi ko Larabci ko Hausa, shi ne iya ci gaba da koyo ranar da malami ba ya kusa.

Duk wanda ya zauna benci a ƙasar nan ya san yadda darasin yake tafiya. Mushe ya cika tablo, mu kwafe cikin kaye. Ya karanta, mu maimaita da murya ɗaya. Mu hardace rezume, gobe a tashe mu mu zuba shi kamar ruwa. A yi dikte, a dawo muna da kaye ya sha jan bik, mu dubi makin kawai mu rufe. Waɗanda suka girme mu, da wasu cikinmu, sun san sambol, wancan abin da ake rataya wa yaro in ya kuskura ya yi harshen gidansu cikin lakwal, ya yi ta farautar wanda zai sauke wa. Sambol ya tafi, amma tsoron da ya shuka bai tafi ba. Har gobe yaro ya gwammace ya yi shiru da ya buɗe baki ya yi kuskure. Kuma harshe ba ya zama a bakin da yake rufe.

Ba zargin malamai nake ba, don su ma haka aka koyar da su, kuma da yawansu suna aiki cikin halin da wani ba zai jure ba. Amma mu yi lissafi mai sauƙi. A ce aji yana da ɗalibai 60, darasi kuma awa guda ne. Ko da malami bai ce uffan ba, minti ɗaya-ɗaya za su samu. In ya cinye rabin lokacin da bayani, kowane yaro ya tashi da rabin minti. Da rabin minti za a iya Ingilishi? Sannan mu duba shekarar kanta. Ana komawa lakwal a Oktoba, amma a ƙauyuka da yawa, daga Sukukutan da Dogon Kiriya har zuwa Geceme da Dumega, ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara. Ga ranakun kasuwa, ga yajin aiki, ga malamin da zai tafi gari neman albashinsa. Da ruwan farko ya sauka kuma, rumfa ta jiƙe, yara sun nufi gona. Yaron da ba ya koyo sai malami na tsaye a kansa, kwanakin karatunsa a shekara kaɗan ne ƙwarai.

Sakamakon a bayyane yake. Binciken PASEC, wanda ake yi a ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa cikin yaran Nijar da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin da ake so wajen karatu da fahimta ba su kai 10 cikin 100 ba. A 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen 30 cikin 100. An samu ci gaba, alhamdu lillahi, amma ko a 2019 ɗin yara bakwai cikin goma suna fita CM2 ba su iya karanta rubutu su gane shi yadda ya kamata ba. Su ne kuma ake zubawa a 6e, a ɗora musu Ingilishi bisa Faransancin da bai zauna ba.

Masana a Turai sun daɗe suna magana a kan wannan. Wani Bafaranshe, Henri Holec, na jami'ar Nancy, ya rubuta rahoto a 1979 wanda aka buga a 1981, inda ya bayyana cewa mai koyon harshe na ƙwarai shi ne wanda ya iya ɗaukar nauyin karatunsa: ya san abin da yake nema, ya zaɓi hanyar da zai bi, ya auna kansa ya ga inda ya kai. Amma mu ba sai mun je Nancy ba. Ku dubi makarantar allo. Yara talatin suna zaune, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wanda ya iya ya wanke ya ci gaba, ba ya jiran saura. Babba yana biya wa ƙarami. Yaro shi ke dafa tawadarsa, shi ke feƙe alƙalaminsa. Ku dubi karatun zaure, inda magidanci yake zaɓen littafin da yake so, ya zaɓi malamin da zai kai wa, ya yi bita da kansa kafin ya koma. Ku tuna da Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda a ƙarni na 19 ta riƙa koyar da jajis, su kuma su koma ƙauyuka su koyar da mata ƴan taru ba tare da ita tana wurin ba. Ban ce makarantar allo ba ta da nata gyaran ba, akwai bulala, akwai hadda ba fahimta. Amma wannan ɗabi'a ta kowa ya riƙe allonsa, tamu ce tun kaka da kakanni. Lakwal ce ta raba mu da ita.

To, mi malami zai iya yi gobe da safe, ba tare da jiran wani aiki daga Yamai ko kuɗin wata ƙungiya ba? Ga kaɗan daga abin da nake gani.

Na farko, ya gaya wa yara inda za a je. Kafin darasi ya faɗa musu, ko da Hausa ne, “Yau in mun gama, kowa zai iya tambayar kuɗin kaya da Ingilishi.” In an gama, yaro ya tambayi kansa: na iya, na kusa, ko ban iya ba? Ya sa alama a bayan kayensa. Wanda bai san inda za shi ba, yaya zai san ya iso?

Na biyu, kowane yaro ya samu ƙaramin kaye na kalmominsa. Ba waɗanda mushe ya rubuta ba, waɗanda shi ya tsinto: jikin buhun taki, kwalin madara, allon kanti, bayan babbar mota a kan titin da ya ratsa Dogon Dutsi da Kore Mai Ruwa, saƙon kamfanin waya. Kalma biyar a mako ta isa. Ran Litinin a ba su minti goma su yi musaya da na kusa da su. A shekara yaro zai tara fiye da kalma ɗari da ya nemo da ƙafarsa, kuma abin da mutum ya sha wuya ya samo ba ya saurin ɓacewa.

Na uku, a daina gyara wa yaro komai. In an yi dikte ko an rubuta labari, malami ya ja layi ƙarƙashin kuskuren kawai, ya bar mai shi ya nemo abin da ya ɓace, shi da abokin zamansa. Sai abin da ya gagare su za a kawo gaba. A kafa doka a aji: kafin ka ɗaga hannu, duba kayenka, duba ƙamus, tambayi na kusa da kai. Matambayi ba ya ɓata, amma a koya masa cewa ba ƙofa ɗaya ake ƙwanƙwasawa ba.

Na huɗu, a raba babban aji zuwa ƙananan ƙungiyoyi na biyar ko shida, kowa da aikinsa: mai karantawa, mai rubutawa, mai duba ƙamus, mai kawo rahoto. Mako mai zuwa a juya. Ajin nan na yara 60, in an raba shi goma, yara goma ne suke magana a lokaci guda maimakon ɗaya. I, za a yi hayaniya. Amma ajin harshe da ya yi tsit kamar maƙabarta, ni ban ga abin yabo a cikinsa ba. Kuma ranar da malami bai zo ba, ƙungiyoyin sun san abin yi.

Na biyar, a bar yaro ya zaɓi abin da zai yi magana a kai, kuma a nemo shi daga ƙasarmu. Mi ya sa yaron Matankari zai rubuta labarin dusar ƙanƙara da bai taɓa gani ba? Ga Lugu nan kusa, inda Sarauniya ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, har fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Duniya ta san labarin, amma yaranmu nawa aka taɓa aikawa su tambayi kakanninsu yadda su suka ji shi? A aike su. Su saurara, su rubuta da Hausa, su juya da Faransanci, su karanta wa aji. Wani ya zaɓi noman dankali a Dogon Dutsi, wani ya ba da labarin Tozon Bijini, wani ya yi sharhin kokowar Issaka Issaka kamar yana rediyo, wata ta bayyana yadda ake fura daga surfe har zuwa damu. Yaron da yake da abin faɗa, shi zai nemi kalmar faɗarsa.

A nan ne maganar Hausa ta shigo. Ƙasarmu ta fara gwajin koyarwa da harshen gida tun 1973 a Zinder. Dokar ilimi ta 1998 ta tanadi a fara wa yaro da harshen uwa. A ranar 26 ga Maris 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kowa yana da ra'ayinsa a kan wannan, amma ni abin da nake tambaya shi ne: a Arewa, inda akasarin yara da Hausa suka buɗe baki, ƴan kwaleji nawa ne za su iya rubuta shafi guda da Hausa daidai, da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a inda suka dace? Yaron da ya iya karatu da rubutu da harshensa yana da abin dafawa. Zai iya rubuta wa kansa bayani, ya kwatanta ginin jimlar Faransanci da ta Hausa, ya gane cewa tebur da kujera suna da namiji da mace a can kamar yadda suke da su a nan, ko da ba su zo daidai ba. Kuma kada a manta da ɗiyan Fulani da na Zabarmawa da na Buzaye da ke cikin azuzuwanmu. Da yawansu sun zo da harshe biyu tun daga gida. Su ne ma ya kamata a tambaya, “Kai yaya ka yi ka koyi Hausa?” Amsarsu darasi ce ga aji duka.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce in an sake wa yaro haka zai raina malami. Ni abin da na gani akasin haka ne. Malamin da muke tunawa da alheri har yau shi ne wanda ya ba mu aron littafi, ya ce mu dawo mu gaya masa abin da muka gani a ciki. Kuma wannan hanya ba hutu ba ce ga malami. Sai ya tsara, ya zagaya, ya saurara, ya san wanda ya maƙale. Haka manomi yake yi wa ɗansa: ya nuna masa riƙon hauya, ya yanka masa ɗan gayauna, ya koma gefe yana kallo. Ba ya sakar masa gandu rana ɗaya, ba ya kuma riƙe masa hauya har ya yi gemu.

Za a ce akwai tsarin karatu da dole a gama, ga BEPC ga BAC. Gaskiya ne. Amma ranar jarrabawa wa ke zaune kusa da yaro? Rubutun da za a ba shi bai taɓa ganinsa ba. In bai saba cin karo da baƙuwar kalma ya laluɓo ma'anarta daga maƙwabtanta ba, sai ya yi irin ta ɗiyar ƙanwata. A jarrabawa kuwa ba a rubuta “mushe bai ba mu ba”.

Za a ce babu littattafai. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma nauyin hukuma ne da ba za mu daina tuna mata ba. Amma kafin su zo, mu duba abin da ke hannunmu. Gidajen tsofaffin ma'aikata nawa ne a Dogon Dutsi da Tibiri suke da kwalayen littattafai da gara ke ci? Ƴan Arewa nawa ne a Yamai, Kwatano, Lome, Abijan da Turai da za su iya sayen ƙamus biyu su aika wa lakwal ɗin ƙauyensu? Akwatin ƙarfe guda mai kwaɗo, da littafi talatin, da kaye na rubuta sunan mai aro, a damƙa makullin ga ɗalibai biyu, ɗakin karatu ya samu. A sa na Faransanci, a sa na Ingilishi daga maƙwabtanmu na Kebbi da Sakkwato, a sa Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Kwamitin CGDES da ƙungiyar iyaye mata za su iya ɗaukar wannan a zama ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waya fa? Tana ɓata yara, ba musu. Amma tana hannunsu ko mun so ko mun ƙi. Wayar da ake kallon rawa da ita, da ita ake sauke ƙamus mai aiki ba intanet, da ita yaro zai naɗi muryarsa yana karatu ya saurara ya ji inda ya karkace. Samarinmu na fada kuma, da ke kwana bisa shayi, in sun ware shayin farko kawai suka ce ba a magana sai da Ingilishi ko Faransanci, wanda ya kasa a taimaka masa ba dariyar ƙeta ba, cikin wata uku za su ji bambanci.

Iyaye, kada wani ya ce ni ban yi lakwal ba, ba ruwana. Ba sai ka iya Faransanci ba. In yaro ya dawo, ka ce, “Gaya mini da Hausa abin da kunka koya yau.” In ya iya mayar maka da shi da Hausa, ya gane. In ya ce ba ya faɗuwa da Hausa, to hadda ce ya yi, ka ce ya koma ya tambayo. Ki ba ɗiyarki takardar awo ta karanta miki, ka ba ɗanka rasit ya duba maka. Sannan mu ji tsoron Allah game da ƴan mata. Yarinyar da ta dawo ta ɗauki tulu, ta yi daka, ta yi talla, ta yi wanke-wanke har isha'i, yaushe za ta buɗe littafi da kanta? A ba ta awa guda da fitila, a raba aikin da ƴan uwanta maza.

Ga masu duba makarantu da masu horar da malamai kuma, roƙona shi ne in kun shiga aji kada ku tsaya ga kyan rubutun tablo da tsabtar kaye kaɗai. Ku ba yaro rubutun da bai taɓa gani ba ku ga abin da zai yi. In malami ya san abin da za a duba ke nan, shi ma abin da zai koyar ke nan.

Ɗiyar ƙanwata kuwa, ranar ban gaya mata ma'anar takardar ba. Na ce ta ɗauko ƙamus, ta ja layi ƙarƙashin kalmomin da ta sani, sauran ta nemo. Ta ɓata rai, ta yi gunaguni, ta kusa rabin awa tana juya shafi. Daga ƙarshe ta matsa kusa da tsohuwa ta ce, “Kaka, sau biyu za ki sha, safe da dare, kuma sai kin ci abinci.” Na duba, haka ne. Kafin hutu ya ƙare na tarar da ita tsugune gaban buhun taki da ƙamus a hannu, ba wanda ya aike ta.

Wannan rabin awar da ta sha wuya, lakwal ce ya kamata ta ba ta tun tana CE1. Malamanmu, ku gwada abu ɗaya cikin waɗannan a zangon nan, ko da kayen kalmomi ne kawai. Iyaye, mu tambayi yaranmu yau da dare. Ƴan uwa na waje, in za ku aiko da goron sallah, ku haɗa da ƙamus guda.

Allah ya raya muna zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya saka wa malamanmu da alheri, ya zaunar da Arewa da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.